Shekarar da Guzuma ta yi tsami

Ran nan ina zaune a gindin darbejiya ina shan iska, sai ga jikokina sun zo da waya a hannu, suna ture juna suna dariya. Suka nuna mini wani mutum a ciki yana zuba kashin shanu a wata ƙatuwar jakar roba, ya jona tiyo, ya ƙyasta ashana, sai ga wuta. Rabi da Hausa rabi da Larabci, yadda 'ya'yan yanzu ke magana, suka ce, "Kaka Nomau, ashe wanga shi na aikin da aka girmama ka dominai? Ai ko mu muna yin shi kahin la'asar." Su ne kuma waɗanda duk babbar sallah sai an yi faɗa da su kafin su kai abin cikin tumbin rago lambun lemo na bayan gari, suna tambaya wace irin al'ada ce wannan. Na ce su zauna, ga abin da na gaya musu. Mai hoton nan ya nuna muku ranar da wuta ta kama ne kawai, sauran ranakun ya ɓoye, kuma sauran ranakun su ne aikin.

Ni ba da babur na fara ba, wato inji a bakin mutanen nan, da jaki na fara. A farkon shekarun saba'in ina magidanci, ba ni da hawasha, gonar audugar nan ta ban-ruwa da iyayen wasunku suka riƙe, sai karo kawai, keken jaki, ina jigilar kaya tsakanin garinmu da kasuwar Makwar. Gari kuwa da an yi magariba sai duhu, in ban da fitilar ƙwai a gidan mai hali. Ana ta cewa wutar madatsar Rusairis tana tafe. Wayoyinta ma muna hango su can nesa sun miƙe sun nufi birni, ko sallama ba su yi mana ba.

Usta Arzika, babban makanike, shi ne ya ce mu yi tamu wutar. Tun shekarun hamsin yake gyaran baburan ban-ruwa a bakin kogi, daga Rusairis har Kamlin da wuya ka sami injin da bai cusa hannu a cikinsa ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ba ka ganin haƙoransa sai injin ya tashi. A wata gonar shanu wajen Kamlin ya yi aiki da wani Ba'indiye, a can ya ga rami da ake ba shi kashin shanu yana fitar da iska mai kama wuta, ya dawo gida da abin a ransa. Da ya kai maganar gaban Maigari, dattawa ba su gamsu ba, amma ba su so kunyata shi cikin jama'a ba. Daga bisani suka ba shi fili a bayan gari kusa da garke, inda in abin ya lalace ba wanda zai gani.

Akwai abu ɗaya da kowa ya sani game da Usta. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin kwano, a ciki akwai harami, fararen ƙyallaye biyu da ya saya tun yana da ƙarfinsa. Mahaifinsa da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ya tsaya haƙar tur'a, babbar magudanar ban-ruwa, don ya haɗa guzuri, ajali ya same shi a bakin tur'ar. Yawancinmu ai haka muka zama 'yan ƙasar nan, mahajjata ne da suka tsaya hutawa. Usta ya ɗauki alkawarin ƙarasa wannan tafiya, amma duk shekara sai wani babur ya riƙe shi. Da aka fara haƙar ramin ya ce wannan ne aikinsa na ƙarshe, ranar da wutar ta tsaya da ƙafarta, sai Makka.

Ramin nan na haƙa shi tare da mutane, na kuma ɗauko jan bulonsa daga bakin kogi a karona. Zurfinsa ya shanye mutum tsaye har da wani a kafaɗarsa. A gefe guda aka gina kwami inda ake dama kashi da ruwa, da bututu da ke gangarar da shi ƙasa. A ɗaya gefen akwai mafita, inda tsohon kwaɓi ke fitowa in an zuba sabo. A sama kuma aka kifa wata ƙatuwar gangar ƙarfe da maƙeran Makwar suka ƙera, tana yawo a kan kwaɓin. In iska ta taru a ƙarƙashinta sai ta ɗaga. Duk wanda ya yi aikin nan, kafin ya gaida kowa da safe gangar yake fara kallo.

Da aka gama gini Usta ya riƙe ni, saboda yana bukatar mai karo. Na ɗauka sifana zai ba ni. Shebur ya ba ni. Rani guda da damina guda ban taɓa babur ba, kashi kawai nake koyo, kuma ku daina dariya, don kashi karatu ne. Wanda ya kwana ya bushe ba ya aiki. Wanda ka kwaso da yashi, yashin zai kwanta a gindin rami ya ci wuri, ba kuwa mai fitar da shi. Wanda ya haɗu da tattaka zai taso sama ya yi ɓawo, iska ta kasa fita. Saniyar da aka yi wa allura a bar kashinta sai ta warke. Ruwa kuma ba a ɗibansa inda mata ke wanki, sabulu kaɗan ya isa ya sa ramin ya yi fushi, sannan sai an bar ruwan a rana ya yi ɗumi. Kauri kuwa na kunun gyaɗa ake so. Usta ba ya aunawa da komai, hannu yake tsomawa har gwiwa ya ɗago ya ga yadda yake zuba. Na sha dama kwami guda cur, ya zo ya tsoma hannu ya ce, "Nomau, wanga ko baƙo ba ka ba shi," in sake daga farko.

Kayan aikinmu duka ba su cika buhu ba. Akwai muciya ta icen bagaruwa da ta fi ni tsawo, da rariyar tace yashi, da guga. Akwai gashin kaza da ɗan kofin ruwan sabulu, da shi muke shafa mahaɗar bututu, inda ya yi kumfa nan iska ke tserewa. Akwai gwangwani cike da garin ƙarfe mai tsatsa da muke roƙo a maƙera, iskar tana bi ta cikinsa ta bar warin ruɓaɓɓen ƙwai a nan, don in warin nan ya shiga babur cinye cikinsa yake yi. Akwai kuma kwalba a inda bututu ya fi yin ƙasa, tana tare raɓar da ke bin iskar. Ka manta da kwalbar nan kwana kaɗan, sai ka ji bututu na ƙugi kamar cikin mai azumi, wuta tana rawa. Duk rani kuma mu ɗaga gangar mu shafe ta da kwalta saboda tsatsa.

Babur ɗin tsoho ne na ban-ruwa, mai tukunya ɗaya, Usta ya tsinto shi a bakin kogi an yar. Ana tada shi da jaz, wato man babur, da hannun murɗawa. Ranar da ya yarda na kama hannun nan, abin da ya fara gyara mini babban yatsa ne. Ba a zagaye ƙarfen da shi, ana kwantar da shi kusa da 'yan'uwansa, don in babur ya yi tutsu ya mayar da hannun baya, yatsan ne zai tafi. In ya tashi ya daidaita, sai ka buɗe iska a hankali kana rage jaz, kana saurare. Da jaz zalla muryarsa kaushi gare ta, da iskar ta shiga sai ta yi laushi. Bel ya ja dinamo, dinamo ya tura wuta a waya. Magaribar da ƙwan farko ya kama a ƙofar masallaci, wani tsoho da ke alwala ya saki buta ya yi salati. A ranar na san Usta yana da wushirya.

Masu shan wutar ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai masallaci, da shafahana, ɗan asibitinmu, inda aka sa firjin allurai, da rumfar mai shayi, da tela, da wasu gidaje. Tela in wuta ta ɗan yi rawa sai ya aiko a gaya mana mun karkatar masa da ɗinki. Wani attajirin hatsi kuwa har bakin rami ya biyo mu, wai a ƙara wa ƙwansa haske ya fi na maƙwabcinsa, ko da kaɗan ne. Sannan aka tada maganar da ta fi duka, wai ko ya halatta a karanta Alƙur'ani da hasken kashi. Liman ya duba ya ce kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, saboda haka shanu da tumaki da awaki ba laifi, amma ban da jaki. Jakina ke nan, shi ke jan kashin garin duka tun safe, amma nasa an hana shi shiga. In ya yi a bakin kwami sai in yi maza in kwashe kafin wani ya gani ya kai wa Liman.

Rigimar da ta fi ba mu tsoro ta mata ce. Kun san kafin damina ake yaɓe ɗakuna da zibala, kashin shanu da aka tsima, don kada ruwa ya cinye bango. Shekarar farko da suka fito nema suka tarar na kwashe garke tas. Sai ga su da tasoshi, Hajiya Kulu a gaba. Ita ce ungozomar gari, rabin mutanen da ke yawo a garin ita ta yanke musu cibi, ta kuma sauke farali tun tana amarya tare da mijinta. Ta girmi Usta, don haka sunansa take kira gatsau.

"Arzika, mi munka yi maka? Ga damana bisa kai, kun kwashe kashi duka kun zuba rijiya. Da mi za mu yaɓe ɗaki, da hasken?"

Usta ya ce, "Hajiya, ba rijiya ba ta, ciki na. Awa saniya take, a ba ta ta ci, ta tuƙa, ta maido. Zo ki gani."

Ya kai ta mafita ya ɗebo mata kwaɓin da ya riga ya narke, sumul, ba wari, ba ƙuda. Ta murza a yatsa ta yi tsaki, amma ta cika tasa. Daminar nan bangon da aka yaɓe da shi bai zubar da ko ɓawo ba. Daga nan ta zama tamu. Ga shi kuma ta karɓi haihuwa a shafahana da hasken ƙwai, ba ta riƙe fitila da haƙori ba. Ita ta raɗa wa ramin suna Guzuma, tsohuwar saniya, har in ta wuce takan ɗaga murya ta ce, "Nomau, Guzuma ta kwana lahiya?"

Muka yi shekaru masu daɗi haka. Ba na jin na taɓa jin daɗin aiki kamar na lokacin, hantsi yana dukan bayana, ganga ta tashi har tana sheƙi, Usta yana gefe yana goge sifana yana yi mini faɗa. Da ya ga na iya tada babur ni kaɗai, na kuma san muryarsa, sai ya ce to, bana zai tafi. Ya gama shiri tun kafin azumi. Ya fito da haramin ya shanya a igiya ya sha iska, duk wanda ya wuce sai ya ce Allah ya sa a dace.

Shekarar ce kuma ruwa ya yi jinkiri. Dama duk damina makiyaya kan fitar da shanu daga cikin gonaki, amma bana sai suka yi nisa, har bayan Rusairis, suka bar mana 'yan shanun tatsa da ba su cika karo ba. Jaz kuma ya yi wuya, ko a Makwar sai an sha layi. Azumi ya kama, lokacin da aka fi son haske, ganga kuwa da ƙyar take ɗaga kai. Muka rage wuta, a sha ruwa a yi asham a kashe. Can tsakiyar azumi sai ganga ta fara tashi kamar an hura ta, ba tare da mun ƙara komai ba. Ni murna na yi. Usta ya tsaya yana kallonta yana sosa ƙeya, ya ce abin bai kwanta masa ba.

Bayan ƙaramar sallah abin ya fito fili. Ganga na tashi, amma in ka buɗe iska sai babur ya yi tari ya mutu. Ka kai ashana bakin bututu, maimakon ta kama sai iskar ta kashe ta. Kwana kaɗan ganga ta zauna ɗungurungum, wani wari mai tsami ya fara tasowa, irin na kullun da aka manta da shi a bayan ɗaki. Muka bi bututu da gashin kaza, muka zubar da kwalba, muka canja garin ƙarfe, duk a banza. Mu dama sai hantsi muke isa ramin, bayan na gama zagaye garke. Ran nan Usta ya ce mu wuce can daga masallacin asuba.

Muna isa muka tarar da layin mata, kowace da ƙwarya a ka, Hajiya Kulu a bakin kwami tana karɓa tana juyewa. Tsari ne, ruwan wankin hatsi, da ruwan gasara, da ragowar kullun kisra, wainar dawar nan, da ya yi tsami, da tsamin abre, abin shan buɗa-baki, da ya rage tun na azumi. Ta gan mu ta washe baki.

"Kun kama mu! To, ba mu so ku sani ba. Mun ga shanu sun tahi, Guzuma na kwana da yunwa, ku kuma maza ba ku hwaɗin kun gaza. Wace dabba ta ka kwana da yunwa gidan Bahaushe, tsari na zuba ƙasa? Tun farkon azumi muke ba ta, kowane gida da ranarsa."

Usta bai ɗaga murya ba. Ya zauna a gefen kwami ya ce, "Allah shi saka muku da alheri, Hajiya. Amma jinjiri kunka ɗura ma tuwo."

Ungozoma ce, ba ta bukaci ƙarin bayani ba. Ta sauke ƙwaryar da ke hannunta a hankali ta ce, "Ta mutu?" Ya ce, "Tana bisa hanya." A nan ya fahimtar da mu cewa abin da ke tuƙa a cikin ramin wasu halittu ne da ido ba ya gani, irin na cikin tumbin saniya, ciyawa suka sani. Gari da tsami sun yi musu yawa, sun kumbura, sun mace.

Kafin mako ya zagayo warin ya shigo gari, ƙuda ya biyo shi. Maigari ya kira mu zaurensa, dattawa sun cika. Suka ce an gode, an ga haske, amma yanzu a cike ramin da ƙasa kafin ya jawo cuta. Usta ya roƙa a ba shi zuwa bayan layya. Ya ce maganin ramin abin cikin tumbi ne mai ɗumi, da yawa, a rana ɗaya, akuyar da mahauci ke yankawa ranar kasuwa ba za ta yi komai ba. Ranar layya kaɗai ake samun haka.

Maigari ya ce, "Usta, ai rannan kana Muna wurin aikin hajji. In kana nan, muna haƙuri da wari don hurhurarka. In ka tahi, Nomau mutumen kirki na, amma ba ni iya tare dattawan ga da sunan mai karo." A gabana ya faɗa, ban kuwa ji haushi ba, don gaskiya ce.

Da muka fito na tare Usta a hanya. Na ce, "Usta, ka tahi. Ka hwaɗa min abin da za a yi, in yi. In sun cike ta, sun cike, rami na, ana haƙa wani. Kai ko shekarunka sun ja."

Ya ce, "Kai ka san ta da rai, ba ka taɓa jinyarta ba. Kahin tumbi shi yi aiki sai an kashe tsamin da ruwan toka, kaɗan kaɗan. In ya yi kaɗan tumbin ya mutu, in ya yi yawa ya mutu. Ni ma sau guda nig ga an yi. Kuma in anka cike wagga, Nomau, ba a sake haƙa wata garin ga, kai ma ka sani." Sannan ya ce, "Ni nac ce ma matan ga ciki na. Ba su yi komi ba sai abin da aka yi ma mai ciki."

Ranar da lorin mahajjata zai tashi zuwa tashar jirgin ƙasa ta Makwar, gari duk ya fito, ana guɗa ana kuka ana ba da saƙon addu'a. Usta ya zo da rigar aikinsa mai tabon mai. Ya bi su ɗaya ɗaya ya yi musafaha, ya taimaka aka ɗaure kaya, har ya leƙa injin lorin ya ɗaure wa direba wata waya da ta saki. Lori ya tashi, ya tsaya har ƙararsa ta ɓace. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallon fuskarsa. Ya juyo ya ce, "Ina guga?"

Jinyar Guzuma ita ce aiki mafi wuya da na taɓa yi. Muka ɗaga ganga, muka kwashe kusan rabin kwaɓin da guga, ina kai shi saura a karo. Usta ya hana kowa leƙa kai ciki, don iskar ramin ba ta gargaɗi, mutum sai dai ya ji barci. Kafin mu sunkuya sai mu zura kaza a kwando, in ta fito tana ƙyarƙyara mu ci gaba. Toka kuwa ba mu roƙa ba. Matan nan, da ƙoren da suka kawo tsari, da su suka riƙa kawo tokar murhu kowace safiya, su ajiye su juya. Mu jiƙa, mu tace, Usta ya zuba kaɗan, a motsa da muciya, a bari sai gobe. Kullum sai ya tsoma kara ya shinshina, ya murza a yatsa, wani lokaci har ya ɗan taɓa a harshe ya tofar, sannan ya miƙo mini in shinshina in faɗi abin da na ji. A haka na koyi bambancin tsamin da ke cizon hanci da wanda ya fara sanyi.

Ranar Arfa muna azumi, muna jera karan dawa a jikin ramin saboda sanyi ya fara shigowa. Mai shayi ya kunna rediyonsa mai batir, iska tana kawo mana muryar mahajjata suna talbiya. Usta yana riƙe da muciya sai na ga ta tsaya. Leɓunansa suna motsi, yana bin su. Bai daɗe ba ya ci gaba da motsawa, ni kuma na yi kamar kara nake gyarawa.

Da aka sauko Idi Liman ya yi shela, kada wanda ya zubar da abin cikin tumbi, kada a wanke, kada a bar shi ya huce, a rufe a kawo bayan gari. Ban taɓa ganin sallah irin wannan ba. Dattawa da manyan riguna, sun toshe hanci da gefen rawani, suna sauri da tasa a hannu. Mata suna gudu da ƙore an rufe da faifai, tururi na fita. Ni ina zagaye lunguna da karo, jakina yana ta haki. Larabawan ƙauyen da ke hayin tur'a, da suka ji labari, suka aiko da na bijimi guda a cikin rabin ganga. Usta yana bakin kwami, duk wanda aka kawo sai ya tsoma hannu, mai ɗumi ya juye, wanda ya huce ya ce a kai saura. Attajirin hatsin nan ya tsaya gyaran rawani nasa ya huce, aka mayar da shi, Hajiya Kulu ta bi shi da tsiya har ƙofar gida. Kafin azahar muka mayar da ganga, Usta ya ja layi da gawayi a jikinta daidai bakin kwaɓi.

Sai jira. Naman sallah ya ƙare, layin gawayi yana inda yake. Dattawa suka fara biyowa ta wajen, suna yi mana sannu da aiki irin wadda ta fi zagi ciwo. Usta ya ce kada in ba ta komai sai ɗan kashin safe, shi ma cikin tafi. Wata safiya na zo na tarar layin ya ɗaga da faɗin yatsa. Na ruga na kira shi, ya zo ya buɗe bututu ya saki iskar duka, ya ce wannan ta banza ce. Haka ya yi ta saki ina jin kamar jinina yake zubarwa. Sai ran nan ya miƙo mini ashana ya ce in gwada. Na ƙyasta na kai, ta kama, shuɗiya, tsaye, ba ta rawa. Magaribar nan babur ya karɓi iska muryarsa ta yi laushi, ƙwan masallaci ya kama, muka ji gari ya ɗauki sowa. Usta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To, baɗi in Allah ya yarda."

Allah bai yarda ba. Da zafi ya shigo ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kafin wani azumin ya rasu. Da haramin nan aka haɗa aka yi masa sutura. Na yi kuka a maƙabarta, ban ɓoye ba.

Bayan sadakar bakwai Hajiya Kulu ta shiga zauren Maigari, wurin da mata ba sa shiga, ta tsaya a tsakiyar dattawa da sandarta. Ta ce, "Ni na sauke nawa farali tun ina yarinya, Liman ya ce ya halatta in yi ma wani. Ni nit tare ma Arzika hanya da ƙwaryata, ni ka kai mishi." Aka ce ta tsufa, ga teku, ga zafi. Ta ce ba shawara ta zo nema ba. Gari ya haɗa mata guzuri, shekarar nan ta hau lorin. Da suka dawo, kafin ta shiga gidanta ta sa aka tsaya da ita a bayan gari. Ina bakin kwami hannuna dumu-dumu. Ta rame, muryarta ta dishe. Ta ce, "Nomau, Guzuma ta kwana lahiya?" Na ce lafiya lau, Hajiya. Ta ce, "To. Arzika ya isa."

Na riƙe Guzuma ni kaɗai shekaru da dama, ba ta sake yin tsami ba, kuma duk layya gari ya riƙa kawo mata tumbi ko ba ta bukata. Da wayar gwamnati ta iso, aka sayar da babur, aka cike ramin, aka dasa lemo a wurin. Shi ne lambun da kuke ƙorafin zuwa. Bana in an yanka rago kada ku tsaya wasa da waya a hanya. Ku rufe da faifai, ku kai shi da ɗuminsa.